Ranar Wanka Ba A Ɓoye Cibi

Kowace gaɓa ta jikin ɗan Adam tana da suna a Hausa wanda yaro zai iya faɗa a gaban mahaifinsa ba tare da ya sunkuyar da kai ba: ido, haƙori, gwiwa, diddige. Da zarar an gangara ƙasa da cibiya sai lissafin ya rikice. A can kowace gaɓa tana da suna har kala uku, kuma babu ɗaya da ya zauna daidai a bakin yarinya 'yar shekara 13. Akwai sunan asali, wanda tuntuni aka mayar da shi ashar, ba a jin sa sai a tasha ko wurin faɗa. Akwai na sakaye, irin su gaba da ƙasa da mara, waɗanda suke lulluɓe yanki guda da mayafi ɗaya har likita ya rasa ko mafitsara ake nufi ko mahaifa. Sai kuma na Larabci da ke cikin littattafan fiƙihu, masu tsabta da kwarjini, amma a kunnen yaro sunayen hukunci ne, bai san a jikinsa suke ba. Makarantar boko ta zo ta ƙara na huɗu da Ingilishi, wanda ake haddacewa saboda jarrabawa, a zubar da shi a bakin ƙofar aji.

Na san wannan ruɗani ta fuska biyu, domin da safe ina koyar da kimiyya a wata ƙaramar sakandare a Sabuwa, da yamma kuma ina karantar da 'yan mata a Islamiyyar unguwarmu. Sau da yawa yaran da na gani da safe cikin kayan makaranta su ne nake sake gani bayan la'asar cikin hijabi. Jiki ɗaya ne suke kawowa wurare biyun, amma ana yi musu bayaninsa kamar na mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba.

Masu cewa maganar balaga baƙon abu ne da Turawa suka shigo mana da shi, ina zaton sun daɗe ba su buɗe Ahalari ba. Wannan ɗan littafi da ake fara karatun fiƙihu da shi a zaurukan ƙasar Hausa yana da fasali sukutum a kan haila. Ya kasa mata gida uku, mai farawa da wadda ta saba da mai ciki, ya faɗi iyakar kwanakin kowacce, ya ce mai farawa ba ta wuce kwana 15, ya ce jinin biƙi iyakarsa kwana 60. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani ta ma fi shi fitowa fili. Tun a farkon babin tsarki ta bambanta maniyyi da maziyyi da wadiyyi, ta faɗi kaurin kowane da launinsa da lokacin fitarsa. Mawallafin ya rasu a shekarar 996 ta Miladiyya, kuma a gabatarwarsa ya bayyana cewa domin a koyar da yara ya rubuta littafin. Yara, ba dattawa ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikin Nurul Albab ya zargi malaman zamaninsa da suke tara ɗalibai a waje alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilcin hukuncin tsarkinsu da sallarsu. 'Yarsa Nana Asma'u ta ɗauki wannan zargi ta mayar da shi aiki, ta riƙa tura jajoji ƙauyuka suna karantar da mata 'yan'uwansu. Saboda haka gadonmu bai taɓa cewa a yi shiru ba.

Abin da gadon bai ɗauka ba, domin ba aikinsa ba ne, shi ne bayanin halittar kanta. Fiƙihu yana gaya wa yarinya yaushe za ta bar salla da yaushe za ta yi wanka. Ba ya gaya mata daga ina jinin yake fitowa, ko me ya sa mararta ke murɗawa, ko yaushe ya kamata hankalin uwarta ya tashi. Ga misalin da ya fi tsaya mini a rai. Yarinyar da ke zubar da jini kwana 12 kowane wata, a ma'aunin Ahalari tana cikin iyaka, hailarta ingantacciya ce, babu abin da ya ɓaci a ibadarta. A ma'aunin asibiti kuwa, duk hailar da ta saba wuce mako guda, ko wadda ke jiƙa ƙunzugu cikin awa ɗaya ko biyu, abin a duba ce, domin tana iya tsotse jinin yarinya har ta riƙa ganin jiri in ta miƙe. Na taɓa samun ɗaliba irin wannan. Ta haddace fasalin haila tsaf, tana iya karanto shi ido rufe. Tafin hannunta ya yi fari fat, tana barci a aji, a gida ana ce mata raguwa. Da na tambaye ta me ya hana ta faɗa, sai ta ce, "Malama, ai bai kai kwana sha biyar ba." Ba ta yi kuskuren karatu ba. Rabin karatun aka ba ta.

A wani zangon karatu na ajiye gwangwanin madara a bayan aji, na ce duk mai tambayar da ba za ta iya yi da baki ba ta rubuta a takarda ta jefa, kada ta sa suna. Kafin mako ya ƙare gwangwanin ya cika. Wata ta tambaya ko jinin haila ƙazantar da ta taru a ciki ce take fita. Wata ta ce tun da ta fara, nononta ɗaya ya fi ɗaya girma, ko mayu ne suka kama ta. Wata ta tambaya ko ana ɗaukar ciki in aka zauna a tabarmar da namiji ya tashi. Fiye da takarda biyar sun yi tambaya iri ɗaya da kalmomi daban-daban: shin ta wurin da fitsari ke fita, ta nan jini da jariri suke fitowa? Wasu daga cikin masu wannan tambaya an riga an karɓi kuɗin gaisuwarsu.

Tambayar ƙarshen nan ita ce ta sa na fara zane a allo. Na nuna musu cewa ƙofofi uku ne a jere, kowace da aikinta. Ta gaba ƙarama ce, ita ce ta fitsari, tana kaiwa ga mafitsara. Ta tsakiya ita ce farji, hanya ce mai miƙewa da ke kaiwa ga bakin mahaifa. Ta baya ita ce dubura. Mahaifar kanta tsoka ce, girmanta bai wuce dunƙulen hannun mai ita ba, amma tana iya buɗewa ta ɗauki jariri da ruwansa da mabiyiyarsa. A gefenta na dama da na hagu akwai ma'ajiyar ƙwai guda biyu, kowace da siririn bututu da ya nufo mahaifa. Kowane wata mahaifa tana yin shimfiɗa mai laushi a cikinta, kamar yadda ake gyara ɗakin baƙo. Idan ƙwan da aka saki bai haɗu da maniyyi ba, baƙo bai zo ba ke nan, sai a naɗe shimfiɗar a fitar. Wannan shimfiɗa ita ce jinin haila, kuma murɗawar mara ƙoƙarin tsokar ne na turo ta waje. Duk jinin da ke fita a kwanakin, in aka tara, yawanci cokalin cin abinci 2 ne zuwa 5. Ƙwan ana sakin sa kimanin kwana 14 kafin haila mai zuwa, yana rayuwa kwana ɗaya kacal, amma maniyyi yana iya jira a jikin mace har kwana 5. A shekarun farko wata yakan yi tsalle, wani ya zo da wuri, ba cuta ba ce.

Ajin ya yi tsit irin wanda ban taɓa samu ba ko ranar jarrabawa. Babu wadda ta yi dariya. Dariyar da malamai ke tsoro, a ganina, takan zo ne idan malamin ya fara jin kunya, yara su hango ta a fuskarsa.

Wani zai ce, to mene ne amfanin yarinya ta san ƙofa uku ce ko biyu, tun da kakanninmu sun haihu ba su sani ba? Amsar tana kan hanyar Batsari, a bayan garin Katsina, a asibitin Babbar Ruga. A da wurin jinyar kutare ne. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya zo aikin kuturta a farkon shekarun 1980, sai ya tarar da wasu matan da jama'a ke gudu kamar yadda ake gudun kutare, ba don komai ba sai don warin fitsari. Daga 1984 ya fara yi musu ɗinki, ya yi wa dubbai, ya horar da likitocinmu, har wurin ya zama cibiyar ƙasa ta masu yoyon fitsari. Yadda ciwon ke samuwa, duk wadda ta ga zanen nan za ta gane shi cikin minti biyu. Tsakanin farji da mafitsara bango ne siriri na nama. Idan naƙuda ta yi tsawo, kan jariri ya kasa wucewa, sai ya danne bangon nan a jikin ƙashin ƙugu. Jini ya daina zuwa wurin, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya zube ya bar huda. Daga nan fitsari ba ya tsayawa dare da rana. Yawanci jaririn ma an rasa shi. Ƙashin ƙugun yarinya kuwa yana ci gaba da buɗewa shekaru bayan ta fara haila, musamman wadda ta tashi cikin ƙarancin abinci, saboda haka ganin jini ba shaida ba ce cewa hanya ta gama faɗi.

Akwai kuma yankan gishiri. Idan naƙuda ta ƙi, ko amarya ta kasa zama da mijinta saboda zafi, ko haila ta ɗauke, sai a ce gishiri ne ya fito mata, a kira ungozoma ko wanzami ya sa aska ya tsaga ta ciki ta wajen gaba. Mai askar bai san cewa abin da ke bayan wurin da yake tsagawa hanyar fitsari ce da mafitsara ba. Ba mugunta ce ke sa shi ba. Shi ma ba a taɓa zana masa ba.

'Yar gwaggona ta yi wata bakwai a cikin wannan hali kafin a kai ta Katsina. Tana da shekara 16 lokacin. Naƙuda ta kama ta da la'asar a wani ƙauye da ke yamma da mu, aka ce haihuwar fari ce, a yi haƙuri, kuma mace ta gari ba ta raki. Ta cije zane ta yi shiru kamar yadda aka koya mata. Dare ya yi, babu direban da zai hau hanya saboda 'yan bindiga. Gari ya waye aka ce a ƙara jira. Sai a rana ta uku aka fito da ita. Daga Sabuwa zuwa Katsina tafiya ce ta fiye da kilomita 200, Zariya ma ta fi mana kusa, kuma a shekarun nan ba nisan ne kaɗai abin lissafi ba, har da sa'ar da za a bi hanyar. An yi mata aiki ta warke, alhamdu lillahi, amma mijin bai jira ba. Da na je duba ta, abin da ta ce mini shi ne, "Yaya, da na san kansa ne ya toshe, da tun daren farko na yi ihu." Ta ɗauka jarrabawar haƙuri ce ake yi mata. Babu wanda ya taɓa gaya mata cewa naƙudar da ta cinye yini da dare ba ta bukatar haƙuri, mota take bukata.

Idan 'yan mata rabin karatu aka ba su, samari ko rabin ba su samu ba. Yarinya ko ba komai ranar da ta ga jini akwai wadda za ta ja ta ɗaki, ta ba ta tsumma, ta ce mata daga yau ta kiyayi maza. Yaro kuwa tun daga ranar da aka yi masa kaciya babu babban da zai sake yi masa maganar wannan yanki na jikinsa har ya yi aure. Ranar da ya fara mafarki, shi kaɗai zai wanke wandonsa da asuba yana zaton wata cuta ce ko wani zunubi. Ƙirjinsa ya ɗan kumbura, abin da ke faruwa ga samari da yawa a farkon balaga ya kuma baje da kansa, sai ya daina cire riga a filin ƙwallo. Abokin aikina da ke ɗaukar ajin maza ya gaya mini cewa da ya tambayi wa ya taɓa ganin jini a ƙarshen fitsarinsa, hannuwa sun tashi da fara'a, domin a wurinsu alamar zama namiji ce. Alhali tsargiya ce, tsutsar da ke fitowa daga dodon koɗi a kududdufi da rafi, ta huda fata lokacin wanka, ta je ta yi ƙwai a jijiyoyin mafitsara. Ƙwayar magani ta sha ɗaya tana kashe ta, amma in aka bar ta shekaru tana lalata mafitsara da ƙoda, a jikin mace kuma tana taɓa mahaifa. Akwai wanda ya fi wannan gaggawa. Wani lokaci ɗan maraina yakan murɗe a kan jijiyarsa, zafi mai tsanani ya taso farat ɗaya, sau da yawa cikin dare. Idan ba a kai yaro ga likitan tiyata cikin kimanin awa 6 ba, ana iya rasa shi. Wane yaro ne a garinmu zai tashi mahaifinsa da tsakar dare ya ce, "Baba, ga inda ke yi mini ciwo"? Da wace kalma ma zai faɗa?

Gwamnati ta daɗe tana kai gwauro tana kai mari a kan wannan batu. A 2003 hukumar tsara manhaja ta ƙasa ta fitar da darasin zaman iyali da yaƙi da ƙanjamau, bayan an sauya masa suna an rage wasu sassa saboda ƙorafin malaman addini da iyaye. A watan Nuwamba na 2022 ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya umarci a cire ilimin jima'i daga manhajar, yana ganin aikin iyaye ne da malaman addini. A ƙauye duk wannan muhawara ba ta canza komai ba, domin da ma malamai da yawa in sun iso babin haihuwa a littafin kimiyya sukan ce, "Ku je ku karanta a gida," su tsallake zuwa babi na gaba.

Ban raina tsoron iyaye ba. Uban da ya ce kada a buɗe wa 'yarsa ido, abin da yake karewa abu ne mai daraja, kuma ni ma ina da abubuwan da ba zan yarda a koya wa 'ya'yana ba. Zargin da ake yi wa duk abin da ya zo daga waje da sunan lafiya shi ma yana da tushe. Mutanen Arewa ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Kunya kuma ado ce, ban taɓa fatan ɗalibaina su rasa ta ba. Inda na rabu da masu wannan ra'ayi shi ne zaton da suke yi cewa in malami ya yi shiru, yaro ba ya jin komai. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Dandume ko ta Sheme ya ji mai maganin gargajiya da lasifika a kan mota yana ambaton gaɓoɓin nan da sunayensu na ashar, yana siffanta abin da ko ma'aurata ba sa faɗa wa juna, 'yan mata masu tallar gyaɗa suna tsaye a gefensa. Babu mai ɗaga masa murya. A watan Satumba na 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara, wani dattijo ya ce mini ko ba komai yara za su huta da kallon banza. Ba su huta ba. A shagon cajin waya ake loda musu a kati, su tura wa juna hannu da hannu, ba a bukatar intanet. Malamai suna nan da yawa, mai gaskiyar ne kaɗai aka hana magana.

Ni ban fara zanen nan ba sai da na je wurin limamin unguwarmu, tare da mijina, na kai masa takardun gwangwanin. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ga abin da 'ya'yanku ke tambaya." Ya sa tabarau ya karanta su ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe a kan ta yarinyar da ke tsoron tabarma. Da ya ɗago sai ya tuna mana yadda Ummu Sulaim ta tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da mafarkin mace, da yadda Nana A'isha ta yaba wa matan Madina saboda kunya ba ta hana su neman sanin addininsu ba. Sannan ya gindaya sharuɗɗa: mace ta koyar da mata, namiji ya koyar da maza, zane da alli ban da hoto, kuma kowane darasi ya tashi daga fasalin Ahalari ya gangaro zuwa jiki. Sharaɗin ƙarshen nan da farko na ɗauke shi rigar kariya ce kawai daga surutun mutane. Da aka shiga aiki sai ya zama shi ne ginshiƙin darasin, domin kalmomin fiƙihu su ne kaɗai yaran ke iya furtawa da ƙarfi ba tare da sun ji sun yi ashar ba. Abin da ya rage mini shi ne in ɗora kowace kalma a kan wurinta a zane.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne zuwan iyaye mata. Wata ranar Alhamis na tarar da su su shida a bayan aji, sun ce sun zo su ji abin da ake gaya wa 'ya'yansu. Na san bincike ne ya kawo su. Ranar kuwa darasin ya faɗo a kan yadda ake samun namiji ko mace. Na bayyana cewa ƙwan uwa iri ɗaya ne kullum, maniyyin uba ne ke zuwa kala biyu, kuma wanda ya riga isa shi ne sababin jinsin ɗan, da ikon Allah. Sai wata dattijuwa ta ce, "Malama, maimaita." Na maimaita. Ta ce, "Wato ba daga wajen uwa ba ne?" Na ce, "A'a, Inna." Ta juya ta kalli sauran, ba ta ƙara cewa komai ba. Daga baya aka gaya mini 'ya'ya mata bakwai ta haifa, kuma a kan haka aka yi mata kishiya har biyu, da gorin da ta sha shekara talatin. Mako na gaba su goma sha ɗaya suka zo. Su ne suka tambayi abin da 'yan matan ba su kai ga tambaya ba, har da batun jinin daren farko, na gaya musu cewa tantanin nan halittarsa ta bambanta daga mace zuwa mace, kuma budurwa da yawa ba sa zubar da jini ko ɗigo. Wata ta dafe ƙirji ta ambaci sunan Allah. Ban tambaye ta wa ta tuna ba.

Akwai dalilin da ya sa nake gaggawa, har wasu abokan aiki suke ganin ina fara darasin da wuri. Tun daren 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, karatu a yankinmu ya zama abin da ake yi yau ba a san gobe ba. An rufe makarantu an buɗe, an sake rufe wasu. Ƙauyuka sun watse sun dawo gari. Uban da ke tsoron a ɗauke masa 'ya a hanyar makaranta yakan ga aurar da ita shi ne mafita, kuma ba zan iya zarginsa daga inda nake zaune ba. Sakamakon dai shi ne, yarinyar da ke gabana a aji ɗaya na ƙaramar sakandare, ba ni da tabbacin zan gan ta a aji uku. In na jira babin ya zo a inda manhaja ta ajiye shi, zan karanta shi ne ga kujerun da babu kowa.

Sannan akwai waɗanda aka ɗauka aka dawo da su. Ba a maganarsu. Ana yi musu wanka, a yi sadaka, a ce Allah ya kiyaye gaba, a rufe zancen domin kare sunan gida. Amma akwai maganin da in aka fara sha cikin awa 72 bayan fyaɗe yana kare mutum daga ƙanjamau, akwai kuma na sauran cututtukan da ake ɗauka ta wannan hanya. Kwana uku ne kacal, kuma yawanci a cikin kwana ukun nan ne ake taron dangi ana shawarar yadda za a ɓoye. Ina gaya wa ɗalibaina wannan lissafi kamar yadda nake gaya musu kwanakin haila, ina kuma gaya musu cewa abin da aka yi wa mutum da ƙarfi ba laifinsa ba ne a wurin Allah. Ina koya musu cewa tun daga ƙuruciya akwai wuraren da babu mai ikon taɓawa, ko kawu ne, ko malami, ko mai shagon da ke ba da alewa, domin ba duk ɓarna ce ke fitowa daga daji ba.

A 2024 allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa ta iso jiharmu, wadda ake yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Kamar yadda aka saba, jita-jita ta riga ma'aikatan lafiya isowa, aka ce ta hana haihuwa ce. Matan ajin Alhamis suka zo mini da tambaya, amma ba irin ta da ba. Ɗayarsu ta tashi ta ɗauki alli, ta je allo ta nuna ƙasan mahaifar da na zana, inda ta tsuke ta haɗu da farji, ta ce, "Nan ne wurin da ciwon ke kamawa ko?" Na ce nan ne. Na bayyana musu cewa wata ƙwayar cuta ce da ake ɗauka ta saduwa, takan zauna shiru shekara goma ko fiye kafin ta zama daji, shi ya sa ake yin allurar tun kafin aure. Suka tuna matan da suka sani waɗanda jini ya dawo musu bayan sun daina haila, aka yi ta yi musu maganin sammu. Wasu sun kai 'ya'yansu, wasu mazajensu sun hana.

Ina da wani littafi mai bangon kwali da nake tara kalmomi a ciki. Duk wadda muka gwada a aji ta zauna, sai in rubuta ta. Ma'ajiyar ƙwai ta zauna. Bututun ƙwai ya zauna. Bakin mahaifa da ma unguwarzoma sun san shi. Sinadaran da ƙwaƙwalwa ke aikawa su tayar da balaga, wata ɗaliba ce ta kira su 'yan aike, muka ɗauka. Ƙofar fitsari ta mace har yanzu da dogon bayani muke kewaya ta. Shafin samari kuwa kusan rabinsa fari ne, abokin aikina ya karɓi littafin tun hutun da ya wuce, ya ce zai zauna da wani tsohon wanzami da wani ma'aikacin asibiti su ga abin da za su iya cikewa.